Kwafi Ɗaya Ya Isa

Shekara tara na yi a ɗakin da ba shi da taga, ni da na'urori. Ofishinmu ƙaramar cibiya ce a cikin Katsina da ke adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Ma'aikatanmu kan shiga gidajen malamai su roƙi aron littattafan da iyaye da kakanni suka rubuta da alƙalamin kara, su kawo a ɗauki hoton kowane shafi, sannan a mayar wa kowa abinsa. Ni ba na taɓa takarda. Nawa aikin shi ne kada hotunan nan su ɓace. Ni kaɗai ce mace a ɓangaren, in ma gaskiya za a faɗa ni kaɗai ce ɓangaren baki ɗaya. Ɗakin sanyi gare shi, don haka ko a watan da gari ke tafasa akwai rigar sanyi rataye a bayan ƙofa. A nan nake cin abincina, a nan nake shimfiɗa sallaya tsakanin bango da akwatin batura. Sau da yawa nakan wuni ban ce wa kowa uffan ba in ban da gaisuwar safe a bakin get.

Abokiyar zamana wata baƙar na'ura ce da ta kai mani ƙugu, cike da faya-fayan ajiya jere kamar aljihunan tebur. Rumbu muke ce mata. Duk ƙarshen mako nakan kwashe kwafin dukan hotunanmu in zuba mata, don ko da wani abu zai sami babbar kwamfutar ofis. Wayonta ɗaya ne, kuma shi ya sa aka saye ta. Duk abin da ka ba ta sai ta yanyanka shi ƙanana-ƙanana, ta duba kowane yanki. In ta taɓa ganinsa ba za ta sake ajiye shi ba, sai dai ta rubuta cewa yana wuri kaza. Da haka kwafin mako ɗari kan shige inda na mako biyar ba zai shiga ba. Ranar da aka kawo ta har Darakta sai da ya shigo ya shafa ta.

Abin da mai sayarwa bai tsaya ya faɗa ba shi ne, zubawa ce ke da sauƙi. Bayan shekaru, kwafin jiya ba ya zaune wuri ɗaya. Wani yankinsa tun bara yake ajiye, wani tun shekarar da na kama aiki, wani kuma can ƙuryar faifai na ƙarshe. In ka ce ta fito maka da shi, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tattaro kwanukan biki daga gidajen maƙwabta. Kana tsaye kana jin faya-fayan na ƙaras-ƙaras, abin da ke fitowa kuwa ɗis-ɗis. Akwai maganin wannan warwatsewar, wani aiki da take yi da kanta wanda nake kira shara: ta zubar da yankunan da ba a bukata, ta matso da sauran kusa da juna. Amma shara tana son wuta ta kwana biyu ko uku ba yankewa. Mu kuwa wutar gari sai ta ga dama, baturanmu sun daɗe da mutuwa, janareto kuma ƙarfe huɗu daidai ake kashe shi, ranar Juma'a ƙarfe ɗaya. Kullum sai ta fara shara da safe, a katse ta da yamma. Ga shi Darakta ya kafa doka ba a goge tsohon kwafi ko ɗaya, wai wurin adanawa ba ya zubarwa. Na rubuta takarda a kan haka har na gaji. Wallahi da bango na rubuta wa da ya fi.

A gida ma babu wanda zan kai wa ƙara. Muna zaune ni da Inna a Ƙofar Kwaya tun da aurena ya mutu. In na dawo fuska a murtuke takan ce, "Yau ma firjin naki ne ya ɓata maki rai?" Sai in yi dariya, don in na fara bayani barci zai ɗauke ta.

A daminar da nake ba da labari, wuta ta zo da ƙarfi wata rana ta ƙone babbar kwamfutar. Aka kawo sabuwa wayam, babu komai ciki. Na ce a bar mani janareto na kwana uku in dawo da komai daga rumbu. Darakta ya ce ina gaggawar take, ai abubuwan suna nan a ajiye. Haka muka zauna wata biyu, dukiyar cibiyar gaba ɗaya tana cikin na'ura guda wadda ni kaɗai na san halinta.

Sai ran nan da hantsi masinja ya leƙo ya ce wani dattijo na son ganin mai kula da hotuna. Na fito na same shi a kan bencin baranda, siririn tsoho da farar riga wadda ta sha wanki, da sanda, da leda a hannu. Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa, na ce ruwa ya yi gyara.

Ya ce, "Ya yi gyara, ɗiyata. Mu dai ya taɓa mu kaɗan."

Daga unguwar Gobarau yake. Ruwan da aka kwana ana yi makon da ya wuce ya rusa ɗakin ƙasa da ke bayan zaurensa, inda akwatin littattafai yake. Kafin a tono akwatin komai ya zama kunu. Ya buɗe ledar ya nuna mani wani dunƙule mai ruwan ƙasa, takardu manne da juna, tawada ta narke. Ya ce sauran littattafan ya bar wa Allah, bugun injin ne, akwai su a kasuwa. Ɗaya ne ya hana shi barci, littafin fiƙihu da mahaifinsa ya kwafa da hannunsa. Shekarun baya ma'aikatanmu sun ara sun mayar, har ga takardar godiya da suka ba shi.

"Ina da shekara goma sha ɗaya ya rasu," in ji shi. "Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Fuskarshi ta ɓace mani tuni, ba zan yi maki ƙarya ba. Hannun nan nashi kaɗai nike da shi. In kuna da hotonshi, ku taimaka mani in sake gani."

Na ce, "Muna da shi, Malam. In sha Allahu gobe." Har yau ina jin haushin saurin bakina.

Na koma ciki na buɗe rajista, na sami sunan gidansu da lambar fayil. Sai na ga lambar nan ba gidansu kaɗai ke da ita ba. Gidaje huɗu ne a jere, duk na unguwa ɗaya, duk lamba ɗaya. Nan take na san daga ina wannan ta fito. Daga bakina ta fito.

A shekarar da aka ari littafin nasa ne rumbu ya fara cika yana nauyi. Na shiga taron ma'aikata a fusace na ce ana kashe mani na'ura da maimaici. Littafin da kowane gidan malamai ke da shi, me ya sa za a ɗauki hotonsa sau goma? Na'urar ba ta gane su a matsayin abu ɗaya, tunda hannu ya bambanta, don haka kowanne sai ta ba shi wurinsa. Na ce to mu mu yi mata aikin. In littafi iri ɗaya ya zo daga gidaje da yawa, a zaɓi wanda ya fi fitowa sarai a ɗauka, sauran a rubuta masu lambarsa. Na ce kwafi ɗaya ya isa. Aka yaba, Darakta ma ya ce ga irin tunanin da ake so. Wata shida aka yi ana bin wannan tsarin kafin wani sabon shugaban sashen ɗaukar hoto ya zo ya soke shi. Ni kuma na manta da maganar, kamar ba ni na yi ta ba.

Na kira mutumin da ke ɗaukar hotuna a lokacin, wanda ya riga ya yi ritaya. Na tambaye shi cikin huɗun nan na wane gida ya ɗauka.

"Haba Hajiya," ya ce. "Littafi nawa ya bi ta hannuna? Wanda ya fi tsabta dai na ɗauka, kamar yadda kuka ce."

Ke nan ko na Malam ne, ko na ɗaya daga maƙwabtansa uku, kuma babu hanyar sani sai an fito da shi ya gani da idonsa. Ban gaya wa kowa ba. Wa ma zan gaya wa?

Hotunanmu duk a dami ɗaya suke, ƙaton fayil guda, ba a zare littafi ɗaya sai an fito da damin duka. Na sa rumbu ya fara fito da kwafin ƙarshe, wanda na ɗauka kafin kwamfutar ta ƙone. Na zauna ina kallon ɗan layin da ke nuna ci gaban aiki. Daga hantsi har la'asar bai kai ko kwata ba. Ƙarfe huɗu fitila ta ɗauke, fankokin suka yi tsit, aikin ya rushe. Irin wannan aikin kuwa in ya yanke ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya, sai dai a koma farko.

Washegari Malam ya zo tun kafin tara. Na ce masa na'urar tana nema. Ya ce ba komai, zai jira. Ya zauna a bencin yana jan carbi har azahar, ya yi salla da ma'aikata, ya tafi. Rana ta uku ma haka. Da ƙafa yake zuwa, na gane daga ƙurar jar ƙasa da taɓon da ke takalminsa. Na ce ya bar lambar waya in kira shi in an samu, ya ce a gida ma zaman yake yi, gara nan, ya fi kusa da littafin. Na koma ciki na rufe ƙofa, na rasa inda zan sa kaina. Bango ɗaya ne tsakanina da shi. Yana can yana yi mani kyakkyawan zato, ni ina nan na san abin da bai sani ba. Ban taɓa jin kaɗaici a ɗakin nan irin na kwanakin ba.

Na hau sama wurin Darakta. Na ce, "Ranka ya daɗe, kwana biyu kawai nake roƙo, a bar janareto a kunne."

Ya cire tabarau ya ce, "Saboda littafi ɗaya?"

"Saboda dukansu, ranka ya daɗe. In ba za mu iya fito da ɗaya ba, to me muke ajiyewa?"

Ya ce man da aka ware na awannin aiki ne, kuma ba zai bar inji na ruri a ofis babu ma'aikaci ba, ni kuma ba zai bar mace ta kwana a wurin ba. Ya ce in gaya wa dattijon ya dawo bayan an gyara batura. Na ce baturan da aka shekara uku ana gyarawa? Ya dube ni, na dube shi. Na fito ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

A kan matakala dabarar ta zo mani, kuma abin haushi, dokarsa ce ta ba ni ita. Tunda bai taɓa bari an goge komai ba, tsofaffin kwafi duk suna nan. Me zai sa in nace wa na ƙarshe, wanda ya fi kowanne girma da warwatsewa? Kwafin da na ɗauka 'yan makonni bayan an ari littafin Malam ya fi ƙanƙanta, kuma a lokacin rumbu bai gama cushewa ba, yankunansa suna kwance kusa da juna. Na lalubo shi. Na tsayar da duk wani aiki da na'urar ke yi, har sharar da ba ta taɓa ƙarewa ba, don kada komai ya raba mata hankali.

Ranar Alhamis bakwai da rabi ina bakin get. Baba mai janareto, wani dattijo mai taurin kai da ya girmi ofishin kansa, ya ce ba ya tayar da inji sai takwas. Na tsaya a kansa har takwas ɗin ta buga. Da aikin ya fara, kunnena ne ya fara gaya mani an dace. Ƙarar faya-fayan ta canza, babu ƙaras-ƙaras ɗin nan, sai wani gurnani mai santsi. Layin yana tafiya ana gani. Ban fita cin abinci ba, salla ma ido ɗaya na kan allo, Allah ya yafe mani. Malam bai zo ba ranar, masinja ya ce ya aiko cewa ƙafa ta matsa masa.

Huɗu saura kwata, saura kaɗan ya gama, amma na san ba zai kai ba. Na fita da gudu zuwa rumfar janareto, na tarar Baba har ya ɗauko makullinsa. Na tsaya a ƙofar na baza hannu.

"Hajiya, lafiya?"

"Minti ashirin, Baba."

"Ni huɗu aka ce mani. Ba ni na kafa dokar ba."

"To sai dai ka ture ni ka wuce. Wallahi ba inda za ni."

Ya ce ikon Allah, yau ga abin da ya isa. Ya ce in an tambaya zai ce ni ce. Na ce ya ce, har rubutawa zan yi in sa hannu. Ya zauna a kan jarka yana ƙunƙuni, ma'aikata na wucewa suna kallonmu, babu wanda ya tambayi me ke faruwa. Huɗu da minti ashirin da biyar na leƙa, aiki ya kammala. Na dawo na ce masa ya kashe abinsa.

Ranar Juma'a na zaro littafin na buga shi a firinta mai launi, na kai aka yi masa bango. Rubutu ne mai kyau, baƙar tawada da ja a kan muhimman kalmomi, layuka a miƙe. Na yi ta kallonsa ina roƙon Allah ya sa shi ne. Har na fara lallashin kaina cewa mai wannan hannun dole ya haifi mutum mai natsuwa irin Malam.

Asabar da safe na hau kurkura, keken nan mai ƙafa uku, zuwa Gobarau, na ƙarasa lungun da ƙafa ina tambaya. Na same shi a zaure a kan buzu, ƙafar a miƙe an shafa mata magani. Ta ƙofar ciki ana hango tarin jar ƙasa da azarori inda ɗakin yake a da. Ya yi murna har yana neman tashi. Ya sa aka kawo mani ruwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ni kuwa duk na ƙagu. Na miƙa masa da hannu biyu.

Ya yi bisimilla, ya sa tabarau, ya buɗe shafin farko. Ya daɗe a kai. Sai ya lashi yatsa ya fara juya shafuka da sauri, kamar mai neman wani wuri da ya sani. Wajen tsakiya ya tsaya, ya karanta layin sama a hankali, ya shafa gefen takardar da tafin hannu. Gefen fari ne tas.

"Nan wurin," ya ce, "akwai tawada da ta zube, ta ci kusan layi ukku. Ni na ture kurtun ina yaro, ina wasa kusa da shi. Ran nan ne kaɗai ya taɓa bugu na. Daga baya ya goya ni ya kai ni kasuwa ya sai mani alewa." Ya rufe littafin a hankali. "Karatun daidai ne, ɗiyata, ba kuskure ko ɗaya. Allah ya jiƙan wanda ya rubuta. Amma ba hannun mahaifina ba ne."

Da na so, da na ce kuskuren na'ura ne, kuma zai yarda. Ban iya ba. Na gaya masa komai, taron, da maganar da na yi, da gidaje huɗu masu lamba ɗaya. Na ce nasa an karɓa an ajiye mako biyu an mayar masa ba a ko buɗe shi gaban kyamara ba, kuma ni na jawo. Na ce ya yafe mani. Ina magana hawaye na zuba, ban damu da gogewa ba.

Ya ƙura wa buzun ido. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Can ya ce, "Ashe ba ku ɗauka ba." Ya sake faɗa, a hankali, kamar shi kaɗai ne a zauren. Sannan ya ɗago littafin ya miƙo mani.

"To wannan na wane ne? Shi ma uban wani ne. Ki kai ma ɗiyanshi, za su so su gani."

Na ce, "Ban sani ba, Malam. Ba mu rubuta ba."

Hannunsa na nan a miƙe da littafin, sai da na karɓa ya sauke shi.